Kwalabe Uku na Adda

Shekara arba'in da ɗaya Hajjo ta yi tana da ɗa mai suna Lukuman, ba ta taɓa kiran sunan nan da bakinta ba. Ɗan fari ne. Ita kuwa Bafulatana ce ta bayan garin Gwandu, daga cikin waɗanda suka daɗe da ajiye yawo suka zauna suna noma suna kiwo, har Fulatancin ya fara suɓuce musu amma filakon ya ce yana nan daram. A wajensu uwa ba ta kallon ɗan fari ido cikin ido, ba ta yabonsa, ba ta karɓar abu daga hannunsa a gaban mutane. Ana yaye shi kakarsa Jidda ta ɗauke shi, ya tashi yana kiran uwarsa Adda kamar wata yayarsa. In dole ta kama sai ta ambace shi, sai ta ce "wancan". Da ya girma ya samu aikin koyarwa a jami'a, ya koma Kalgo da zama, sai ya samu ƙarin girma, ya zama "mutumin Kalgo".

Kada wani ya ce ba ta son shi. Son da take yi masa ya fi na sauran 'ya'yanta biyar a haɗe, kuma ta san haka, abin yana ba ta kunya har a gaban kanta.

Mutumin Kalgo ya je ƙasar Italiya ya yi karatun ilimin ƙasar noma shekara huɗu. Mutane suka zuba ido su ga mota ko firji mai ƙofa biyu, sai ga shi ya dawo da injin dafa gahawa. Ƙaninsa Aminu, wanda ya taya shi sauke akwatin, ya koma Gwandu yana ba da labari har da riƙe ciki: ƙarfe ne zalla mai ƙyalli, nauyinsa ya kai na tunkiya, an ce kuɗinsa zai sayi bijimi biyu, kuma duk wahalar da zai sha abin da yake fitarwa bai cika ludayi ɗaya ba. Aka yi ta dariya a tsakar gida. Hajjo ta taya su da murmushi, ta ce boko bai bar komai ba. Da ta shiga ɗaki kuwa sai ta zauna tana tunanin ko wane irin abu ne wannan da yaron ya ɗauko tun daga bayan teku.

Ta ga injin da idonta bara, ko in ce da ido ɗaya, don an kai ta Birnin Kebbi ne aka cire mata yanar ido, ta yi kwana goma sha biyu a gidansa na Kalgo tana jinya. Kullum da safe takan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar kicin, ta ba shi rabin baya, tana jan carbi. Wai iska ta fi shigowa ta nan.

Shi kuma sai ya kunna injin, ya bar shi ya yi zafi, ya tsaya yana yi wa matarsa Fiddausi bayani da murya mai ƙarfi. Fiddausi ta ji bayanin nan ya fi sau ɗari, kowa a gidan ya san ba don ita ake yi ba. Zai ɗauko 'yar kwalba daga firiza, mai tsawon ɗan yatsa, a ciki akwai ƙwayar gahawa daidai ta kofi ɗaya, ya auna ta tun da farko. Ya niƙa. Ya zuba garin a wani ludayin ƙarfe mai mariƙin katako, ya motsa shi da wasu siraran allurai har ya kwanta lif, ya danne da madanni, ya ɗaura a bakin injin. Daga nan sai ya ɗora yatsu biyu a kan wani ɗan katako da ke saman injin, wanda yake kira linzami. Ya ce injinan wasu maɓalli ake dannawa ruwa ya zo yadda ya ga dama, amma nasa da hannu ake sakin ruwan, kuma duk daɗin ko ɓacin abin yana wajen yatsun nan biyu. Akwai wani ɗan agogo mai allura ɗaya da ke nuna ƙarfin ruwan. Yana kallon allurar, yana kallon gindin ludayin, bakinsa a ɗan buɗe kamar lokacin da yake yaro.

In ya gama sai ya zuba ido ga finjalin, ya durƙusa a gefen Hajjo.

"Adda, ki ɗanɗana ko kaɗan."

"Ba ni shan ɗaci. Aje can."

Sau goma sha biyu ya durƙusa, sau goma sha biyu ta kawar da kai. Ƙamshin kuwa yana shiga mata har ƙoƙon rai, tana so ta sha kamar me. Amma ga surukarta tsaye, wani lokaci ga abokinsa Sirajuddeen, wani malamin jami'ar da shi ma ciwon gahawar ya kama. A ce ta miƙa hannu ta karɓi abu daga ɗan fari, ta kurɓa, a tambaye ta ya ta ji, ta ce ya yi daɗi? Ina. Ranar da za ta koma gida ya ce mata in za ta zo da Babbar Salla ta taho masa da madarar safe ta saniyarta, zai haɗa mata wadda ba ɗaci. Ta ce wa Fiddausi ta faɗa wa mijinta ta ji.

Bai kai Sallar ba. Farkon damina, ranar wata Talata, yana tsaye a gaban ɗalibai ya dafe allo ya sulale. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Aka kawo shi Gwandu aka rufe kusa da kakarsa.

Hajjo ba ta yi kuka ba. Ta zauna a tsakiyar masu gaisuwa tana amsa "ya haƙuri" da "haƙuri sai ma'aiki", idonta a bushe. Mata suka yi ta yaba mata, wai ga Bafulatana ta asali, ɗa kamar wannan ya tafi ko ƙwalla. Da sun san yadda yabon nan yake ƙona ta da sun yi shiru. Ta ci gaba da tatsar shanunta, ta ci gaba da dama fura, ta rame har zanenta yana zagaya ta sau biyu. Abin da yake cin ta ba mutuwar ba ce kaɗai, don mutuwa ta san ta, ta binne miji ta binne 'ya'ya biyu. Durƙuson nan ne. Ko ta rufe ido sai ta gan shi a gefenta da finjali a hannu.

Wata huɗu da kwana tara, gero ya fara nuna, Aminu ya shigo da waya ya ce Fiddausi ce daga Kalgo. Gobe take fita takaba, jibi 'yan'uwanta za su zo su kwashe ta zuwa Kambaza, gidan kuma za a mayar wa jami'a. Injin, dangi sun yarda a bar wa Sirajuddeen, don shi kaɗai ya san kansa, zai zo ya ɗauka gobe bayan la'asar. Duk wannan Hajjo ta sani. Abin da ba ta sani ba shi ne Fiddausi tana kwashe firiza ta tarar da wata 'yar leda a can ƙasa, da kwalabe uku a ciki, an manna takarda an rubuta da hannunsa.

"Mi anka rubuta?" in ji Hajjo.

"Adda anka rubuta, Inna. Shi kenan, Adda."

Hajjo ta miƙa wa Aminu wayarsa. Washegari tun rana ba ta fito sosai ba ta tatsi jar saniyarta, ta tafasa madarar, ta ɗura a gora, ta ce wa Aminu ya kai ta tasha. Ya tambaye ta ko lafiya, ta ce za ta je ta yi wa yarinyar mutane barka da fita takaba. Bai ce mata komai a kan gorar ba, yaron yana da hankali.

Ta isa Kalgo da hantsi. Gidan ya zama kango tun mai shi bai gama fita ba: katifu a jingine, littattafai a kwalaye, labule a naɗe. Fiddausi ta yi wanka ta sa sabon zane kamar yadda aka saba, amma fuskarta ba ta san an fita takaba ba. Suka gaisa, suka yi wa mamaci addu'a. A kicin injin ne kaɗai bai motsa daga wurinsa ba, an lulluɓe shi da tawul.

Fiddausi ta kawo ledar. Kwalaben sun yi raɓa saboda sanyi. Ta ce ta tuna ranar da ya ajiye su: wata gahawa ce ta ƙasar Habasha da ya daɗe yana jira, da ya ɗanɗana sai ya ce wannan ba ta da ɗaci sosai, tana da ɗan zaƙi a baya, ita ce ta Adda. Ya ware uku don ko ta farko ba ta yi ba. Hajjo ba ta iya karatun boko ba, amma ta daɗe tana shafa takardar da babban yatsa.

Fiddausi ta ce bari ta kira Malam Sirajuddeen ya zo da wuri ya haɗa musu, don ita ba ta taɓa kama linzamin ba, marigayi bai yarda kowa ya taɓa ba. Hajjo ta ce a'a. Ba za ta sha a gaban abokinsa ba, kuma ba hannun wani ta zo nema ba.

"Ke dai kin ga yadda shika yi. Gwada."

Aka kunna, da yake hasken rana ya cika batirin solar gidan, injin ya ɗauka. Ya fara ɗan gurnani yana ƙyas-ƙyas yana ɗumama. Jin ƙarar nan kaɗai sai da Hajjo ta dafa bango. Suka jira shi kusan rabin awa.

Fiddausi ta niƙa kwalbar farko, ƙamshin ya tashi ya cika kicin. Ta zuba garin, ta danne a karkace, ta ɗaura, ta tura linzamin gaba ɗaya har ƙarshe. Allurar ta yi tsalle. Ruwa ya fashe ta gefe yana tsartuwa, ya ɓata mata sabon zane, kafin a ce kwabo finjali ya cika da wani abu tsararo mai kalar ruwan kwata. Ta kurɓa ta yamutsa fuska, ta ce tsami. Ta miƙa wa surukarta duk da haka. Hajjo ta girgiza kai.

"Ba shi na ba. Ba ki motsa da allurai ba, kuma kin sakam mai ruwa da yawa."

Fiddausi ta dube ta da mamaki, don a iya saninta tsohuwar nan bango take kallo duk kwanakin nan goma sha biyu. Ta wanke ludayin, ta ɗauko kwalba ta biyu. Wannan karon ta motsa, ta danne daidai. Amma tsoro ya riga ya kama ta. Ta taɓa linzamin kaɗan ta tsaya, ta kasa gaba ta kasa baya. Allurar ta ɗaga kai ta tsaya a ƙasa. Gahawar ta riƙa ɗiga ɗaya-ɗaya, baƙa ƙirin, minti ɗaya, minti biyu, har ƙamshin ya juye ya koma ƙauri. Fiddausi ta kashe, ta zauna a kan wani kwali, ta sa fuska a cinya ta fashe da kuka. Ta ce ita ba ta iya ba, shekara tara tana tsaye kusa da shi tana jin surutunsa, ba ta taɓa kallon hannunsa ba, don ta ɗauka kullum yana nan.

Saura kwalba ɗaya. Hajjo ta dube ta a kan tebur, raɓar jikinta ta fara bushewa. In wannan ta ɓaci shi kenan, ba wata a duniya da ya ware mata. Ta ji tsoro irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka kwantar da ita za a yanka mata ido. Ta yi tunanin ta ɗaure kwalbar a bakin zane ta koma da ita Gwandu ta ajiye a ƙasan adaka, ta riƙa buɗewa tana shinshinawa. Amma ai ba don a ajiye ya ware ta ba.

Ta cire mayafi ta rataye a ƙofa. Ta wanke hannu har gwiwar hannu kamar za ta shiga garke.

"Tashi ki niƙa mani. Sauran ni ka yi."

Fiddausi ta share fuska ta niƙa. Hajjo ta karɓi ludayin, ya fi yadda ta zata nauyi, ga zafi. Ta motsa garin da alluran a hankali, zagaye-zagaye, daga ƙasa zuwa sama yadda ta gani ta wutsiyar ido. Ta ƙwanƙwasa shi sau ɗaya a tebur, don shi ma yakan yi haka. Ta danne. Ta ɗaura a bakin injin, ta murɗa har ya kama. Ta ajiye finjalinsa, mai ɗan tsagu a baki. Ta yi bisimilla ta ɗora yatsu biyu a kan linzamin. Katakon ya yi santsi a daidai inda yatsunsa suka saba zama.

Ba ta san lambobin agogon ba, amma ta san inda allurar take tsayawa, idon da aka gyara mata ya riƙe wannan tsaf. Ta tura kaɗan. Allurar ta ɗaga, ta tsayar da ita a nan. Ba abin da ya fito. Fiddausi ta buɗe baki za ta yi magana, Hajjo ta ɗaga mata hannun hagu. Ta san wannan jiran. Saniya ba ta ba wanda ya zo ya cafki hantsa da gaggawa. Sai an saki maraƙi ya ɗan tsotsa, an janye shi, an jira nono ya sauko da kansa, sannan a kama. Ta sunkuya tana kallon gindin ludayin. Ya fara gumi, ɗigo nan ɗigo can, masu duhu, suka yi ta matsowa har suka haɗe a tsakiya.

Sannan ta tura, ba da ƙarfi ba, ba tare da tsayawa ba. Allurar ta hau har inda take kaiwa a hannunsa. Gahawar ta sauko siririya, zare ɗaya, ja mai duhu, da kauri. Ƙarar injin ta canza ta koma wadda ta sani. Da kalar ta fara haske sai ta soma janye linzamin baya sannu-sannu, yadda ake sassauta hannu in hantsa ta kusa ƙarewa don kada a ji wa saniya.

A nan ne abin ya faɗo mata. Yana ɗan shekara shida ko bakwai, kullum da safe sai ya sulale daga ɗakin kakarsa ya zo ya tsaya wajen dangwali inda ake ɗaure maruƙa, ya yi shiru yana kallonta tana tatsa. Takan ce, ba tare da ta juyo ba, wani ya kore mata yaron nan. Ba ya tafiya. Ba fuskarta yake kallo ba, ya san ba a ba shi wannan ba, hannunta yake kallo. Ashe abin da ya je har Italiya ya biya kuɗin bijimi biyu yana yi da yatsu biyu, a gindin saniyarta ya fara ganinsa. Shi yana satar kallon hannunta, ita tana satar kallon nasa, shekara arba'in da ɗaya, ba wanda ya ce wa wani komai.

Ta kashe ruwan. Abin da ke cikin finjalin bai cika ludayi ba, kamar yadda Aminu ya faɗa, da kumfa ja-ja a samansa. Fiddausi ta leƙa, ta riƙe baki, ta ce wallahi haka nasa yake fitowa. Ta yi sauri ta ɗumama madarar gorar a tukunya.

Hajjo ba ta sha a tsaye ba. Ta sa aka warware tabarmar da aka riga aka naɗe, aka shimfiɗa mata a bakin ƙofar kicin, inda ta saba zama. Wannan karon ba ta ba kicin baya ba. Fiddausi ta ɗauko finjalin ta durƙusa ta miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu.

Ta kurɓa. Da ɗaci, ƙarya yake yi da ya ce babu, sai da ta runtse ido. Amma da ta haɗiye ta ɗan jira, sai ga wani abu ya biyo baya, ɗan zaƙi-zaƙi mai ƙamshi, ya zauna mata a harshe ya ƙi tafiya. Ta zuba madarar jar saniya a kan sauran, ta juya finjalin, ta shanye a kurɓi biyu. Ta sa yatsa ta lakato kumfar da ta rage ta lashe. Duka-duka abin bai kai minti ɗaya ba. Abin da ya yi ta durƙuso a kai ke nan, abin da ta hana shi ke nan, bai kai minti ɗaya ba.

"Inna, ya yi?" in ji Fiddausi a hankali.

Hajjo ba ita ta ba amsa ba. Hawaye suna zuba har cikin finjalin, ba ta share ba, ba ta kawar da kai ba. Ta dubi wurin da yakan durƙusa, a gefenta na dama.

"Ya yi daɗi, Lukuman. Na sha. Ya yi daɗi."

Sunan ya fito mata a karkace, kamar na baƙo, don bakin bai taɓa gwada shi ba. Fiddausi kuwa ba ta taɓa jin sunan mijinta da wannan muryar ba. Kafin ta tuna ba ya duniya, har ta juya ta dubi ƙofar falo, ta gyara mayafinta.